Tsohuwar da Aka Ɗora wa Kaya a Ka

Ƙarfe huɗu da minti ashirin na yammacin wata Asabar abin ya fara lalacewa. Na san lokacin ne domin agogon bangon nake kallo don kada in kalli mutane.

Muna da wata ƙungiya ta masu koyon rubutun labari, muna haɗuwa a ajin wata makarantar kuɗi a Gwarinpa. Yawancinsu ma'aikatan gwamnati ne, ni kaɗai ce ɗaliba, daga Durumi nake hawo mota in zo. Akwai abin da muke kira kujerar tsakiya. Idan ka ƙirƙiri mutum a labarinka, sai ka zauna a kanta ka zama shi, a yi ta jefo maka tambayoyi kana amsawa da bakinsa. Shugabanmu, wanda kowa ke kira Oga, ya ce ta haka ake gane ko mutumin yana da rai.

Tawa tsohuwa ce mai sayar da doya. Daga kakata ta wajen uwa na ɗauko ta, Bagbagyiya ce da ke zaune a Orozo. Na daɗe ina gina ta. Na san wace gwiwa ke mata ciwo, na san ba ta cin abinci sai ta wanke ƙafa, na san tana yi wa akuyoyinta faɗa kamar jikoki. Kuma na san ba ta taɓa ɗora kaya a ka ba. Matan gidansu a kafaɗa suke ɗauka, cikin ƙwarya, domin a wurinsu kai ya fi ƙarfin a mayar da shi wurin dako. Duk wannan yana cikin labarin.

Da na zauna, Oga ya ce, "To, Mama, me kika fi tsoro a duniya?"

Amsar tana bakina. Tana tsoron a binne ta a wani wuri ba bayan gidanta ba. Amma idanu sun yi mini yawa, harshena ya ƙi motsi.

Sai wani ya miƙe, mai gilashi, wanda ba a taɓa yin zama bai yi magana ya fi kowa ba. "Oga, bari in ɗan taimaka wa ƙanwarmu." Na tashi, ya zauna. Ya ɗauki jakata, tawa, ya ɗora a kansa, ya ranƙwafa, ya karkace baki.

"Ni ina tsoron mota, ɗana! Mota zai cinye doyana!"

Ajin ya ɗauki dariya. Wani har da buga tebur yana cewa, "Kai, wannan tsohuwa ta yi!" Kakata ba ta tsoron mota. Ta fi direbobin Karshi sanin hanya, kuma Hausarta ta fi tasa daɗi.

Oga ya share hawayen dariya ya ce, "Kun gani? Yanzu ta yi rai. Ku haɗa hannu ku gama labarin tare, mu sa shi a littafinmu na ƙarshen shekara. Ko ya kika ce?"

Na sunkuyar da kai. Wuyana ne ya yi nauyi saboda baƙin ciki. Aka wuce zuwa ga na gaba.

Ban sake jin komai ba sai ranar da mai gilashin ya tura labarin a guruf ɗinmu na waya, sunansa a gaba, nawa a baya. Na karanta a tsaye a kicin. Tsohuwata tana tafe da daron doya a ka, tana gudun mota, tana faɗawa kwata, yara suna mata ihu. Ya cire maganar kabari, ya cire wankin ƙafa. Akuyoyin ya bari, amma ya sa ɗaya ta cinye mata zane. A ƙasa kuma mutane suna ta jera hotunan dariya.

Nan take na rubuta wa Oga cewa ban yarda ba, a cire labarin ko a mayar da shi yadda na rubuta. Na bi layi-layi na nuna masa abin da aka canza. Ya amsa da cewa za a duba. Na sake rubutawa, ya ce in yi haƙuri, yana mitin. Na rubuta wa mai gilashin, ya turo mini murya: "Haba ƙanwata, kai da kafaɗa duk ba jiki ɗaya ba ne? Ai gyara miki na yi."

A makon na je Orozo. Na tarar da kakata tana dawowa daga gona, ƙwarya a kafaɗa, kanta a miƙe. Ta ce, "'Yar boko, ina labarin nawa da kika ce za ki karanta mini?" Na ce ban gama ba. Na shiga bayan gida na tsaya har fuskata ta huce.

Asabar ta gaba na je da wuri. Oga bai iso ba, sai wata babbar mace da muke kira Anti, wadda ta fi kowa daɗewa a ƙungiyar, tana jera kujeru. Ban ko gaishe ta da kyau ba.

"Anti, wa ya ba shi izinin taɓa mini tsohuwa? Wa ya ba shi?"

Ta ajiye kujerar da ke hannunta, ta dube ni kamar yau ta fara jin muryata.

"Ashe kina da baki," ta ce. "Ƙanwata, a gaban kowa Oga ya tambaye ki, kika sunkuyar da kai. Mu a nan wannan eh ne. Littafi kuma ya tafi wurin bugawa tun shekaranjiya. Waccan tsohuwar ta zama ta mai gilashi."