Ƙasa a Kan Tuta

Shekara talatin da huɗu Fasto Ejvind Thorup ya yi yana riƙe da cocin Ravnsig, ƙauyen da iskar teku ta karkatar wa bishiyoyi gefe guda. Ya zo da baƙin gashi da dogon wa'azi. Gashin ya zube, wa'azin ya gajarce, don ya gano mutanen Ravnsig ba sa jure magana fiye da minti goma, ko da zancen Allah ne. Matarsa ta rasu, gwiwoyinsa suka fara ƙara in zai durƙusa. Aikin da ya fi ƙwarewa a kai yanzu shi ne binne mutane. Da an gama waƙar ƙarshe a bakin kabari, hannunsa da kansa yake kai wa ɗan shebur, ya zuba ƙasa sau uku a kan akwatin da aka riga aka saukar, ya faɗi kalmomin da aka saba, a wuce shan kofi.

Sai aka dawo da gawar Troels, wani soja ɗan ƙauyen, daga Afganistan, yana da shekara ashirin da uku. Sojoji suka ce suna da nasu faston wanda ya san tsarinsu. Bodil, uwar yaron, mai sharar makarantar ƙauyen, ta ce ba ta san wannan ba.

"Wanda ya zuba masa ruwan baftisma shi zai zuba masa ƙasa," in ji ta.

Kyaftin ɗin sojojin ya lallashe ta, ya ce fastocin ƙauye sukan rikice. Yayanta Gunnar ya ce ta daina taurin kai, kada ta ja wa dangi abin kunya a gaban baƙi. Ta ƙi. Da labarin ya iske Ejvind bai ji daɗi ba, tsoro ya ji. Ya san in ya yi kuskure, matar da ta tsaya masa ita za a nuna da baki.

Ana jibi jana'iza, wani Saje Kjær ya zo masa da ɗan littafi mai shafi goma sha huɗu. An rubuta inda fasto zai tsaya, da taku nawa zai ja baya, da lokacin harbin bindiga na girmamawa, da na busa ƙaho.

"Abu ɗaya ne babba, Fasto," in ji Sajen. "Akwati zai zauna a kan katako a bakin rami har a gama waƙa. Sannan mu cire tuta, mu naɗe, mu saukar. Sai na gyaɗa maka kai sannan ka zuba ƙasa. Tuta ba ta taɓa ƙasa, ƙasa ba ta taɓa tuta."

Svend mai haƙa kabari ya jingina da bango yana sauraro. Da Sajen ya ba da baya Svend ya ce, "Ejvind, na ji minti shida suka ba ka. Ashe har bariki an san ka."

"Kai dai ka haƙa ramin a miƙe, ko sau ɗaya a rayuwarka."

Ejvind ya karanta littafin har ya haddace. Ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin maganar tuta.

Ranar ta zo da yayyafi. Coci ya cika har waje. Sojoji shida suka ɗauko akwatin a kafaɗa, jar tuta mai farin gicciye a kansa, suna tafiya kamar ƙafa ɗaya gare su. Ejvind yana biye, wuyan rigarsa ya jiƙe. A bakin kabari ya yi addu'arsa cikin minti biyar. Aka ɗauki waƙa. Yana tsaye yana kallon akwatin, sai ya tuna Troels ɗan shekara goma sha huɗu a ajin koyon addini, ƙafafu a kan kujera, yana tambayarsa ko a sama ana barin mutum ya hau babur. Bai tuna amsar da ya ba shi ba. Yana cikin nemanta waƙa ta ƙare.

"Daga ƙasa ka fito," ya ji bakinsa ya ce.

Rashin ƙarar ne ya farkar da shi. Ƙasa a kan katakon akwati tana da sautinta, ya san shi shekara talatin da huɗu. Wannan babu sauti. Jiƙaƙƙiyar baƙar ƙasa ce zube a tsakiyar farin gicciye, shebur kuma a hannunsa.

Maƙabarta ta yi tsit. Gunnar ya rufe ido. Saje Kjær bai ko ƙifta ba, sai dai wuyansa ya yi ja. Ya ba da umarni, sojoji suka ɗaga tutar, suka karkaɗe abin da zai karkaɗu, suka naɗe ta da tabonta. Aka saukar da akwati, Ejvind ya sake daga farko. Harbin da busar duk bai ji su sosai ba. Kunya ce ta cika masa kunne, ga gajiyar da bai taɓa jin irinta ba.

A zauren ƙauye an jera kofi da biredi da kek. Ejvind ya so ya sulale gida, amma ya daure. Bodil na zaune a ƙarshen tebur, tutar a cinyarta, ba wanda ya iya zama kusa da ita.

"Bodil," ya ce, "na ba ki kunya."

"Ka ɓata musu tuta."

"Na ɓata."

Ta shafa tabon da babban yatsa.

"Ka san ba su bar ni na gan shi ba? A rufe suka kawo shi, a rufe ya tafi. Kwana tara kowa na yi mini komai daidai, Ejvind. Gaisuwa daidai, wasiƙa daidai, furanni daidai. Har na fara zaton ɗan wani ake binnewa. Sai da na ga ka rikice na yarda Troels ne a ciki."

Ya dubi tabon da ke kan tutar.

"Ja kujera ka zauna," ta ce. "Ga kyaftin ɗin can zai sake zuwa ya sara mini, ni kuma ba ni da sauran ƙarfin cewa na gode."