Aninin Hambali Mai Majigi

Wani dare bayan isha'i ina kishingiɗe a sorona a Fagge, sai na ji ƙwal! kamar ƙarfe ya faɗa tasa, daga bayan katangar gidan silima. Can an jima ya sake. Na ɗauka aljanu ne. Ashe Malam Hambali ne, mai haska majigi.

Kullum da la'asar yake turo kekensa daga Sabon Gari, ya zauna yana naɗe fim da hannu. Fim guda faifai da yawa ne, kuma kafin ɗaya ya ƙare dole a tayar da na gaba a inji na biyu. Alamar ita ce wani ɗan ɗigo a kusurwar hoto. Da idon Hambali ya fara hazo, mai gidan ya ce, "Ranar da bango ya yi fari, ka ɗau kekenka."

Bai roƙi kowa ba. Sai ya riƙa cusa anini cikin naɗin kowane faifai, dab da ƙarshe, ya ajiye tasa a ƙasa. Anini na faɗowa, hannunsa na kan inji na biyu.

Alfred mai yanka tikiti shaida ne. Rannan ana tsakiyar faɗa a fim bango ya yi fari fat. 'Yan kallo suka hau ihu, "Tsoho ya yi barci!" Mai gida ya hawo yana haki: "Faifai ya ƙare ba ka sani ba!"

Hambali ya miƙa masa tasa, wayam. "Ranka ya daɗe, tsinkewa daban, ƙarewa daban." Ya buɗe inji, ga anini nan a maƙale cikin naɗi. Ya liƙa fim, faɗa ya ci gaba.

Masu cewa aikin silima ba sana'a ba ne, ku yi ta faɗa. Kai ne, Hambali, kunne mai gani, wanda bai taɓa kiran tsinkewa ƙarshe ba. Ba a kore ka ba. Bana ka ajiye aikin da kanka, ka ce naka aninin ya faɗo. Mun gode. Masu sana'a, ku koya: in ido ya gaza, a nemi tasa.

Da na karanta wa maƙwabta wannan, Inna Yagana ta ajiye tsintsiya ta ce, "To Malam, mu fa? An cusa mana anini, ko tsinkewa kawai za mu yi?"