Ranar da iska ta kwashe tazargaden Inna

Wata Lahadi ce a damanar da na gama aji uku na lakwal. Rana ta ɗan leƙo bayan kwana biyu ana ruwa, sai na shanya tazargaden Inna, ganyen maganinta, a faifai bisa turmi, a tsakar gidanmu da ke Tawa, saboda ya fara jan danshi. Na ce bari in yi wasan carafke zagaye ɗaya da 'yan makwabta. Zagaye ɗayan nan ne ya kai mu har la'asar. Ko da iskar hadari ta taso na rugo gida, faifan na kife cikin taɓo, tumaki sun tattake ɗan abin da ya rage.

Tun haihuwar ƙanena Inna ke fama da ciwon zuciya. Ƙafafunta su kumbura, numfashi ya yi mata wuya, daga ɗaki zuwa randa sai ta huta sau biyu. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne nauyin da kanta ke yi, ta fara magana ta manta ƙarshenta, wani lokaci ta kira ni da sunan ƙanwarta. Tana shan ƙwayoyin likita, amma Lalla, wata Buzuwa ƙawarta mai kawo cuku daga wajen Affala, ta ba ta ƙullin wannan busasshen ganye mai ƙamshi da ɗaci, ta ce yana sauke gajiya, yana wartsake kai. Aikina ne kullum da safe, kafin shara da ɗebo ruwa, in jiƙa shi a ruwan zafi in kai mata. In ta sha sai ta tashi zaune, ta tambayi karatuna, ta gyara mini kitso, ta kira kowa da sunansa. Awa ɗaya ce ko biyu, amma a cikinta nake da uwa.

Ban gaya wa kowa ba, ni da ma gwanar ɓoye laifi ce. Washegari da na kai wa Baba fura gona, na tsinko ganyen sabara a bakin hanya, na busar da shi bayan rumbu, na murje, na ƙulle a tsohon tsumman Lalla. Da na miƙa wa Inna ƙoƙon, ta kurɓa, ta dube ni, ta shanye, ta ce in matso ta ga kaina. Haka muka ƙare damanar. Tuwo ba ya wuce mini, carafke ma na daina. Duk sanda kalma ta kuɓuce mata, sai in ce a raina ni ce nake kashe ta.

Da kaka ta yi, Lalla ta dawo. Ina surfe a bakin ɗaki na ga ta ɗauki ƙoƙon ta shinshina. "Hadiza, wagga ai sabara ta," ta ce wa Inna. Taɓarya ta tsaya a hannuna. Inna ta rage murya, amma na ji: "Na sani tun kurɓar hwarko. In na hwaɗa, kumya na hana ta shigo mani da sahe. Ni ko in ban ji tahiyatta ba, ban ga abin tashi ba." Na ci gaba da surfen ina kuka, babu wadda ta leƙo.

Inna ta ƙara damana huɗu tare da mu. Yau ni ke da hawan jini da gajiyar da ba ta sakina, wayata cike take da tallar ganyaye a kwalba masu alkawarin wartsake kai. Ina shan ƙwayoyina, wani lokaci in jiƙa tazargade da hannuna, don yarana duk sun watse wurin aiki da karatu. Har yanzu ban san ko ganyen na yin abin da aka ce yana yi ba. Na dai san cewa na gaskiyar ne a ƙoƙona, sai dai babu mai shigo mini da shi.