Maharazu Bahago da 'Yan Ƙota

Idan ka shiga Babban Mutum ka tambayi Maharazu, za a ce maka wanne, don muna da su uku. Ka ce masassaƙi, sai a nuna maka wata rumfa a gindin aduwa, bayan makarantarmu. A nan za ka tarar da wani gajeren dattijo da ya haura saba'in, gizago a hannu, ɓawon icce ya rufe masa ƙafafu. Ƙotar fartanya da ta gatari yake sassaƙawa tun yana saurayi, kuma ba ya sassaƙa wa mutum sai ya ga tafin hannunsa da tsayinsa. Cewa yake yi ƙota kamar takalmi ce, ta wani ba ta yi wa wani.

Maharazu bahago ne. Kawunsa Dabo, wanda ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsa, ya ɗauki abin da zafi. Yakan ɗaure masa hannun hagu a ƙugu da igiya tun safe, in ya kwance a buge hannun da muciya, yana cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ƙaramin yatsan hannun har yau a karkace yake. Maharazu ya koyi ci da dama da gaisuwa da dama, kuma ba shi da ja a kan wannan, sunna ce. Amma gizago ya ƙi zama a damarsa, sai a hagu. Abin da dukan ya bar masa shi ne, da zarar ya fita daga rumfarsa ya shiga mutane, sai hannun hagun nan ya shige aljihun riga. Na yi shekara goma ina maƙwabtaka da shi ban taɓa ganin hannun a kasuwa ko a wurin suna ba.

Ni sunana Saminu, lissafi nake koyarwa a ƙaramar sakandaren garin. An ɗora mini kula da wasanni ne don babu wanda ya so, ba don na iya komai ba.

A farkon shekarar 2014 abin ya soma. Wata rana da la'asar Maharazu ya kai benci da ya gyara gidan kallo, ana jiran a fara ƙwallon ƙafa, mai gidan yana ta canza tasha. Sai aka faɗa kan wasu Turawa sun yi ɗamara kamar masu shiga wuta, suna sulɓi a kan ƙanƙara, kowa da sanda mai lanƙwasa suna korar wani ɗan baƙin abu. Mu da ba mu san ƙanƙara ba sai wadda ake sayarwa a leda lokacin azumi, dariya muka yi ta yi. Maharazu bai yi dariya ba. Ya matsa har gaban akwatin.

"Malam, dubi wancan," ya ce da ni. "Ta hagu ya riƙe. Ga wani ma. Kai, rabinsu ta hagu suke bugu, kuma ba wanda ya ce musu kanzil!"

Kafin mako ya zagayo ya sassaƙa sanduna shida da iccen aduwa. Ƙwallo kuwa ƙodagon goruba ne, fili kuma wata gonar gero da aka girbe a bayan makaranta. Ya zo ya same ni ya ce in ba shi yara. Na ce masa wannan wasan masu ƙanƙara ne. Ya ce to su yi a kan abin da Allah ya ba su, mu ma mu yi a kan wanda ya ba mu. Haka aka haifi ƙungiyar, babu suna, babu riga, babu doka sai wadda Maharazu ya gani da idonsa a minti goma.

Cikin yaran farko akwai Hafizu, ɗan shekara goma sha biyu, bahago shi ma. Yaron ya sha rula a bayan hannu tun firamare saboda riƙon alƙalami, har ya zama ba ya ɗaga kai a aji, kuma ya fi kwana a daji da awaki fiye da zuwa makaranta. Maharazu ya kira shi, ya buɗe masa tafin hagu ya auna, kamar yadda yake yi wa manoma, ya sassaƙa masa tasa sandar daban. Da zai ba shi, a gabana ya ce, "Ɗan nan, hannunka ba laifi ba ne. A wasan nan ba mai dukanka a kansa, ni na ce." Daga ranar Hafizu bai sake fashin makaranta ba, don na kafa sharaɗi cewa wanda bai shiga aji ba, ba zai shiga fili ba. Cikin shekara biyu ya zama ba mai iya ƙwace masa ƙodago a garin nan, yaro ko babba.

A 2016 takarda ta zo cewa za a yi gasar ƙwallon gora ta ƙananan makarantu a Katsina. A lokacin ne ma na san wasan yana da ɗan'uwa da ake yi a ƙasa, har da suna a Hausa. Tare da takardar akwai ɗan littafin dokoki da Turanci, rubutu ƙanana kamar tururuwa. A nan zan faɗi laifina, don ba zan bari ya hau kan tsoho shi kaɗai ba: hotunan na kalla, ban karanta littafin ba. Na kai wa Maharazu hoton sandar, ya juya shi, ya ga gefe ɗaya shafaffe ne, bayan kuma a dunƙule. Ya sassaƙa guda goma sha uku tsaf kamar na hoton. Sai dai yaranmu uku bahagwai ne, don haka nasu ya juya musu fuskar ta koma ɗaya gefen. A wurinsa wannan ba abin tambaya ba ne, haka ya yi wa kowane bahago ƙota shekara hamsin.

Muka shiga mota da asuba, muka bi ta Baure da Daura, muka isa Katsina da hantsi. Kafin wasa alƙali, wani dogo mai tabarau, ya ce a jera sanduna. Ya zura kowacce a wani zoben ƙarfe, tana wucewa yana gyaɗa kai, har ya yaba sassaƙar. Da ya zo kan ta Hafizu sai ya tsaya. Ya ware ta gefe, ya ware sauran biyun.

"Waɗannan ba za su shiga ba. Babu sandar hagu a wasan nan."

Maharazu ya matso. "Ranka ya daɗe, yaran bahagwai ne."

"Na gane, Baba. Amma doka ce, ba ni na yi ta ba. Duk duniya sandar dama ake wasa da ita."

"Ni da idona na ga Turawa suna bugu ta hagu!"

"Na kan ƙanƙara ka gani, Baba. Wancan wasa daban, wannan daban."

Ya buɗe littafin ya nuna mini layin, a shafi na kusa da ƙarshe. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ba a fafe gora ranar tafiya, ga shi ni na zo da gorana ko taɓa shi ban yi ba.

Wata makaranta ta ara mana sanduna uku. Hafizu ya riƙe tasa kamar an ba shi maciji, duk bugun da ya kai da bayan sandar yake kaiwa, alƙali kuwa sai ya busa. Aka ci mu tara da nema. 'Yan kallo suka gano sandunanmu na hannu ne, suka dinga ihu, "'Yan ƙota! A koma gona!" Ana tashi Hafizu ya ajiye sandar aro a ƙasa, ya zo gaban Maharazu, idonsa jawur.

"Baba, ka ce a nan ba laifi ba ne."

Ban taɓa jin tausayin mutum kamar yadda na ji na tsohon nan a motarmu ta dawowa gida ba. Abu ɗaya kawai ya yi kafin mu taso: ya je wurin alƙalin ya roƙi wata karyayyar sanda da aka yar a gefen fili, aka ba shi.

Hafizu ya daina zuwa fili, ya daina zuwa aji, ya koma bin awaki. Shugaban makaranta ya ce a rufe zancen wasan, an sha kunyar da ta isa. Mutanen gari kuma, da ma masu jira ne, duk wanda ya zo sayen ƙota sai ya tambaya ko ta dama ce ko ta hagu, a fashe da dariya. Ni kaina na ce masa, "Baba Maharazu, mu haƙura." Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Malam, kai ka haƙura. Ni yaro na yi wa alkawari."

Fiye da kwana goma ya yi yana juya karyayyar sandar nan. Ya ɗaure ta da fata, yana fita bayan rumfa yana buga ƙodago shi kaɗai, yara suna leƙensa suna cewa tsoho ya taɓu. Ya sa na karanta masa littafin dokoki daga bango zuwa bango, sau biyu, ina fassarawa. Wata safiya ya aiko a kira ni daga aji.

"Riƙe ta yadda littafin ya ce," ya ce.

Na riƙe.

"Wane hannu ne a sama?"

Na duba. Hagu ne.

"Wanne ke juya ta?"

Na gwada. Hagun ne ke murza sandar, dama tana ƙasa tana rakiya kawai. Sai ya karɓa, ya murza ta da hagunsa, kan sandar ya kife, shafaffen gefen ya koma fuskantar ɗaya ɓangaren, ya zabga wa ƙodagon bugu ta hagu har ya tsallake katangar makaranta.

"Da bayanta suka hana bugu," ya ce. "Ba su hana juya ta ba. Sun sa mata suna ta dama, alhali hagu ke riƙe da linzami."

Da ƙafa ya tafi dajin da Hafizu yake kiwo, rana tsaka, ni ina biye. Yaron ya gan mu ya kau da kai. Maharazu bai lallashe shi ba. Cewa ya yi, "Na yi kuskure a sassaƙa, ban yi kuskure a magana ba. Karɓi ka gani." Hafizu ya ƙi. Tsohon ya zare hannunsa daga aljihu ya nuna masa karkataccen yatsan, ya ce, "Ni an ci ni tun ina kamarka. Kai ma so kake su ci ka?" Yaron ya daɗe yana kallon yatsan, sannan ya miƙa hannu ya karɓi sandar.

Maharazu ya sake sassaƙa wa bahagwan sandunan dama, shekara guda suka yi suna fama. Shugaban makaranta bai ba da izini ba, bai kuma iya hanawa ba, don gonar ba ta makaranta ba ce. Nagoggo, matar Maharazu, ta rina wa yaran riguna shuɗaye, shi kuma ya sa aka rubuta 'YAN ƘOTA ɓaro-ɓaro a bayan kowacce. Na ce masa ai zagi ne. Ya ce ƙota ce ta ciyar da duk wanda ya yi ihun, har da iyayensu.

A 2017 muka koma Katsina, alƙalin nan mai tabarau ne dai. Ya zura sanduna goma sha uku a zobensa, duk suka wuce. Ba zan yi ƙarya in ce mun ɗauko kofi ba, a wasa na uku aka fitar da mu, kuma har yau da ƙungiyar ta shekara goma, Hafizu ne ma ke horar da ita yanzu, wasa na ukun nan ne mafi nisan da muka taɓa kaiwa. Amma wasan farko da makarantar da ta ci mu tara aka haɗa mu. Sun ci ɗaya, mun rama, saura 'yan mintuna a tashi. Hafizu ya karɓi ƙwallo ya nufi gefen hagu. Masu tsaron bayansu suka ƙyale shi, don a saninsu daga can sai mutum ya zagayo dama kafin ya iya bugu. Bai zagayo ba. Murza sandar ya yi, ya zabga, ƙwallon ta daki katakon raga har muna jin ƙarar daga inda muke.

Kowa a filin ya zuba wa alƙali ido. Ya sa usur a baki, ya busa, ya nuna tsakiyar fili. An ci.

Hafizu bai yi gudu ba, bai yi tsalle ba. Juyowa ya yi wajen 'yan kallo, ya ɗaga hannun hagu sama, yatsu a buɗe, ya tsaya a haka. Na waiga in rungume Maharazu, sai na ga ba ya zaune. Yana tsaye a kan benci, a gaban ɗaruruwan mutanen da bai sani ba, hawaye na bin gemunsa, hannun hagunsa a sama da karkataccen yatsan, kowa yana gani.

Har aka tashi wasan bai mayar da shi aljihu ba.