Ɗakin Ɗumi a Kan Dutse

A Pankshin, in sanyi ya sauko, Kaka Saratu takan hura wuta a tsakar gida da zarar an gama cin tuwo. Mu jikoki sai mu kewaye ta, hayaƙi na sa mu hawaye, ita kuwa tana juya dankali cikin toka. "Ku matso," takan ce, "ga ta nan tafe, mai gyangyaɗi ta wuce shi."

Akwai tatsuniyarta guda da ta fi ba ni haushi. Wai wata shekara sanyi ya addabi namun daji, sai giwa ta sa aka gina ɗaki a kan dutse, aka hura wuta, aka yi shela kowa ya zo. Barewa ta yi tsalle ta haye, biri ma haka. Kunkuru ya kwana a gindin dutsen yana ɗaga wuya, da safe aka tarar ya sandare. Giwa ta ce, "Laifin wa? Ai ƙofa a buɗe take."

"Kaka, sai aka yi wa giwa me?"

"Me za a yi mata, Rifkatu? Ungo dankalinki."

Na daɗe ina ganin Kaka ta manta ƙarshen labarin ne. Sai a Greensboro, can ƙasar waje inda nake zaune yanzu, na gane babu abin da ta manta.

Hunturun bara ƙanƙara ta daskare a kan wayoyin lantarki, rassa suka kakkarye, wuta ta ɗauke a unguwar Glenwood. Can Mama Laraba take, wata gwauruwa 'yar cocinmu mai dogara sanda, ita kaɗai a tsohon gidan haya. Aka sanar an buɗe wurin jin ɗumi, amma bas ya daina tafiya. Ni ina McLeansville, can bayan gari, titi ya koma kamar gilashi. Na buga waya wurin, wata mata ta ce min cikin ladabi a kawo ta, akwai gado. Na ce a kawo ta da me? Ta ba ni wata lamba. Waccan ma ta ba ni wata.

Sai washegari da rana na iso, mota na ta zamewa. Famfo ya fashe, ruwan ya daskare a ƙasan kicin. Tana zaune cikin bargo biyu da rigar mawaƙan coci, leɓɓanta sun yi fari.

"Kin sha hanya, 'yata," ta ce da ƙyar. "Ga shi ko shayi ban dafa miki ba."

Kuka na yi, na takaici. Wai ita ce mai ba da haƙuri!

Kwana biyar ta yi a asibiti, aka yanke mata yatsun ƙafa biyu. Ba wanda ya zage ta, ba wanda ya kore ta, kuma abin da ke ci min rai ke nan: ban san wanda zan tuhuma ba. Da aka sallame ta, gidan nan dai aka mayar da ita. Yanzu ga Yuli ya shigo, watan tsananin zafi a nan, kuma tagar ɗakinta ba ta buɗuwa.