Ɗan da Ba a Ƙirga Ba

Ba zan taɓa mantawa da ranar da Adda Hauwa ta ƙi tashi daga bencinmu ba. Lokacin masu gudun hijira sun cika Yola, ni kuma ina ma'aikaciyar jinya a sashen ido na wani asibiti a Jimeta. Muna bincike kan wani kumburin cikin ido da ba a cika gani ba, mai bin jini a gida ɗaya. Yana cin ido a ɓoye, sai gani ya tafi a farga.

Ƙa'idar aikin ita ce idan muka samu mai ciwon, sai mu duba iyayensa da waɗanda suke uwa ɗaya uba ɗaya, mu ɗebi jininsu a bincika ƙwayoyin gado. Su kaɗai ake yi wa magani kyauta, kuma dole uwa ko uba ya tabbatar da dangantakar da bakinsa.

Adda Hauwa ta gudo da yaranta ta zauna a Yolde Pate, mijinta kuwa ba labari. 'Yarta Ummi ta riga ta rasa ido ɗaya saboda ciwon. Na tambaye ta 'ya'yanta nawa, ta ce uku. Muka duba su, Dakta Yohanna, shugaban binciken, ya sallame su. Ba ta motsa ba.

"Sista," in ji ta, "akwai wani yaro a Ngurore wajen Goggo. Ku duba shi ma."

Dakta ya ce, "Mama, ɗanki ne?"

"Ɗan gidanmu ne."

"In ba ke kika haife shi ba, ba zan iya sa shi ba."

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. Sai a nan na gane. Ɗan fari ne, tun yaye aka ba kakarsa Goggo. Mace irinta ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta ƙirga shi, balle ta ce nata ne a gaban namiji baƙo. Raina ya ɓaci, don ga idon yaro na neman tafiya a kan kalma ɗaya. Na roƙi Dakta ya ɗan juya baya, ya juya yana gyaran na'urar da ba abin da ya same ta.

Na ce, "Adda, ba sai kin kira suna ba. Faɗi abin da za ki iya."

Ta juya ta ce da bango, "Wankan jegona na farko, a kansa na yi."

Dakta bai waiwayo ba ya ce, "Na ji. A kawo shi."

Goggo ta kawo shi, saurayi mai suna Bakari, yana rantsuwa lafiyarsa ƙalau. Na'ura ta nuna kumburin ya kama ido biyun. Muka fara magani nan take. Uwar tana waje ta ba ƙofa baya, sai da zan wuce ta kama hannuna ta ce, "Yaron mutane, zai gani?"

Yau Bakari keke mai ƙafa uku yake tuƙawa a Jimeta. Ku da kuke sabbi a aikin jinya, kada ku tsaya kan "'ya'yanki nawa?" Ni tun ranar nake ƙarawa da, "Akwai na wajen kaka?"