Rayuwar Injiniya, Mai Gadin Injinan da Aka Manta

Haihuwa da asali

An haifi marigayin da kowa ya sani da Injiniya a cikin daminar shekarar 1961, a wani ƙaramin gari da ke bakin layin dogo, a gidan haya mai ɗaki biyu a bayan kasuwa. Mahaifinsa mai gyaran keken ɗinki ne, mahaifiyarsa kuma unguwarzoma, shi ne na uku cikin 'ya'ya shida da Allah ya ba su. Har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa riƙe takardar shaidar injiniya ba. Laƙabin ya samo asali ne tun yana yaro, ranar da ya kwance rediyon kakarsa don ya ga inda mai maganar yake zaune, ya kuma kasa mayar da rediyon yadda yake, sai yayyensa suka riƙa kiransa haka don tsiya, sunan ya bi shi har ya danne na ainihi.

A shagon mahaifinsa ya ɗauko halin da ya rayu da shi, wato ƙin ganin inji a zaune ba ya aiki. Tsohon yakan ce keken da aka jingine ya fi wanda ake takawa saurin lalacewa, ɗan kuwa ya riƙe wannan magana kamar karatu.

Karatu

Ya shiga firamare a 1968, daga nan ya wuce makarantar koyon sana'a a 1975, inda ya karanta aikin lantarki ya kammala a 1980. Gaskiyar magana ita ce bai taɓa zuwa na ɗaya ba, rubutunsa kuma kamar kaza ta bi ta kan takarda, amma duk fankar da ta tsaya a makarantar shi ake aikawa a kira, har da ta ofishin shugaba.

Aiki

A shekarar 1981 ya kama aiki da hukumar ruwan sha a sashen famfuna, inda ya shafe shekara talatin da biyar yana yawo tsakanin tashoshi da akwatin sifana a bayan babur. Da aka kawo wa ofishin kwamfutoci a 1995, sai aka lulluɓe su da mayafi aka kulle ɗakin, domin kowa na tsoron ya taɓa a ce shi ya lalata. Injiniya ne ya nemi makulli ya yaye mayafin, kuma da wani tsohon littafi da bangonsa ya cire ya koya wa kansa rubuta manhaja a lokutan hutun rana, sa'ad da abokan aikinsa suke hira a gindin bishiya.

Aure da iyali

Ya yi aure a 1988. Matarsa ma'aikaciyar jinya ce a sashen yara na babban asibiti, kowa Sista yake kiranta, har shi mijin. Allah ya albarkace su da 'ya'ya biyar. Zamansu zaman lafiya ne, in ban da rigima ɗaya da ba ta taɓa mutuwa ba, ita ce ta ɗakin baƙi, wanda sannu a hankali ya cika da wayoyi da tsofaffin injina har ya zamana baƙon da ya zo kwana sai dai a shimfiɗa masa a falo.

Shiga aikin sa kai

A shekarar 2003, bayan ya ja intanet zuwa gidansa, ya ci karo da wani aikin gayya da ya dace da halinsa. Masu bincike sukan sami lissafin da ya fi ƙarfin injinansu, sai su yanyanka shi ƙanana su raba wa duk mai kwamfuta da ya yarda, ta yadda in mai ita ba ya amfani da ita, sai ta yi lissafin ta mayar da amsa. Ba a biyan kowa, hasali ma mai injin ne ke biyan kuɗin wuta. Injiniya ya zaɓi binciken neman maganin wata cutar jini da Sista ta sha ba shi labarin yaran da take wahalarwa, ya jona injinansa uku, ya kuma shiga dandalin intanet da masu wannan aiki daga ƙasashe daban-daban suke taruwa suna musu da juna.

Matsalar da ya tarar ita ce injina sukan yi zafi, ko wuta ta ɗauke ta dawo, ko lissafin ya cije, sai inji ya yi makonni a kunne ba ya tsinana komai, mai shi bai sani ba. Saboda haka a 2006 ya rubuta wata ƙaramar manhaja ya sa mata suna Mai Gadi. Aikinta shi ne ta tayar da lissafi da zarar an kunna inji, ta sassauta in ya yi zafi, ta sake tayarwa in ya tsaya. Kowace Mai Gadi, a duk inda take a duniya, takan tuntuɓi wani inji guda da ke ɗakin baƙin nan lokaci zuwa lokaci don ta karɓi umarni da gyara. Ya ɗora ta a dandali kyauta, cikin 'yan shekaru ta shiga dubban injina, kuma babu abin da ke faranta masa rai kamar ya zauna da safe da kofin shayi yana kallon allonsa cike da koren ɗigo, kowane ɗigo inji ne da ke aiki a wani wuri da bai taɓa zuwa ba.

Ritaya da sa farashi

Ya yi ritaya a 2016. Fansho bai taka kara ya karya ba, 'ya'ya biyu suna jami'a, rufin ɗakin baƙi yana yoyo, kuɗin wuta da na intanet kuwa ba sa jiran kowa. Abin da ke gabansa a fili yake: ko dai Mai Gadi ta ciyar da kanta, ko kuwa ya kashe injin ɗakin baƙi, in ya kashe shi kuma dubban injinan da ke jiran umarni daga gare shi su tsaya.

Ƙanensa, mai shagon tayoyi, shi ya kawo shawara. Ya ce, “Yaya, ni ko iska na sa wa mutum a taya sai ya biya. Kai shekara goma kana yi wa duniya gadi, ko na goro ba a ba ka ba. Sa mata kuɗi kawai, wanda ke so ya biya.”

Injiniya ya ce, “Mutanen nan fa su ma kyauta suke yi.”

Ƙanen ya ce, “To kamfanin wuta kyauta yake ba su?”

Da ya kai maganar dandali, sai musu ya kaure. Wasu suka ce za su biya da hannu bibbiyu, wasu suka ce abin kunya ne a sayar wa ɗan sa kai kayan aiki, mafi yawa kuma suka yi gum. Ya ɗauki shirun a matsayin yarda. A farkon 2017 ya tura sabuwar Mai Gadi wadda ke nuna sanarwa a allo tana neman a biya ɗan abin da bai kai kuɗin cika tankin babur ba, tare da wa'adin wata guda, wanda bai biya ba kuma ta daina yi masa gadi.

Waɗanda suka biya ba su da yawa, kuma wannan ya yi masa ciwo, domin ya zaci an fi haka ƙaunarsa. Amma abin da ya biyo bayan cikar wa'adi ya fi ciwo. Koren ɗigon ya fara komawa toka, yau kaɗan, gobe da yawa, har fiye da rabin allon ya dushe, masu binciken ma suka yi cigiya a dandali ko me ya sa amsoshi suka ragu haka. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne injinan ba a kashe suke ba, suna nan suna tuntuɓar ɗakinsa kullum, ba sa aiki ne kawai, masu su kuma ba su biya ba, ba su yi ƙorafi ba, ba su ma zage shi ba.

Sista ce ta same shi wata safiya ya tasa allo a gaba, shayi ya huce. Da ya yi mata bayani, sai ta ce, “Wai tsaya, Injiniya. Sanarwar nan da ka aika, ka tabbata akwai mutum zaune a gaban injin?”

Babu. Bincike kaɗan ya nuna masa cewa mafi yawan injinan nan ba su da mai kallonsu, wasu ma ko allo ba su da shi. Suna cikin ɗakunan ajiya na makarantu, da ƙarƙashin teburan ofis, da gareji, inda wani ya jona su shekarun baya ya canza aiki ko ya ƙaura. Wani dattijo ya rubuto cewa huɗu daga cikin injinan na yayansa ne, yayan ya rasu tuntuni, matarsa ce ta bar su a kunne saboda ya ce mata aikin lada suke yi. Dama saboda irin waɗannan aka yi Mai Gadi, kuma ingancinta ne ya sa aka manta da su. Ashe bango ya yi ta aika wa takardar neman kuɗi.

Garin neman gira ya kusa rasa ido, bai kuma ɗora wa ƙanensa laifi ba, domin shi ya rubuta manhajar, shi ya kamata ya sani. A ranar ya cire wa'adin ya tura gyara, ya kuma nemi afuwa a dandali ba tare da kwana-kwana ba. Mafi yawan ɗigon ya dawo kore. Wasu ba su dawo ba, wataƙila wani ya ga fankarsu ta yi shiru ya zare waya, kuma har ƙarshen rayuwarsa in aka tuna masa da su sai fuskarsa ta canza.

Ya nemi mayar wa waɗanda suka biya kuɗinsu, kusan duk suka ƙi karɓa. Daga cikinsu ne wata ƙaramar ƙungiya ta ɗauki alkawarin aiko masa da wani abu duk wata bisa son ransu. Abin ya ishi wuta da intanet, bai ishi rufi ba, don haka Injiniya ya sake ɗaura akwatin sifana a babur ya koma gyaran famfunan rijiyoyin burtsatse a unguwanni, da wannan ya yi rufin ya kuma ƙarasa karatun yara. Ƙanensa yakan ce bai taɓa ganin kasuwancin da kwastoma ke biya don kada a sayar masa da kaya ba, Injiniya kuwa sai ya yi dariya ya zuba masa shayi. Shekarun da suka biyo baya su ne mafi daɗi a rayuwarsa, da bakinsa ya faɗa.

Shekarun ƙarshe

A 2022 likita ya tabbatar masa da ciwon zuciya, ya hana shi hawa babur. Abin da ya fara faɗo masa a rai shi ne injin ɗakin baƙi, domin yadda ya gina Mai Gadi, in ta daɗe ba ta ji daga gare shi ba, tsayawa take ta jira. Ke nan ranar da aka kashe injin nan bayan ransa, abin da ya faru a 2017 zai sake faruwa, kuma a wannan karon babu mai tura gyara. Da yake ba a fafe gora ranar tafiya, sai ya duƙufa ya sake rubuta ta yadda za ta yi aikinta ba tare da ta nemi kowa ba, ya kuma buɗe rubutun ga jama'a don duk mai iyawa ya ci gaba da gyara.

Saura isar da wannan sabon umarni ga kowane inji, kuma nan ne haƙuri ya shigo. Mafi yawa sun karɓa cikin makonni, amma akwai waɗanda sai an daɗe suke samun intanet, wasu sai hutun makaranta ya ƙare. Duk wanda ya karɓa sai ɗigonsa ya ɓace daga allon, don ba ya bukatar dawowa. Mutumin da ya yi shekaru yana murnar cikar allo sai ga shi yana murnar raguwarsa, har ya riƙa kiran Sista ta zo ta ga yadda wuri ya yi fili.

Da jiki ya yi nauyi, ɗigo kaɗan suka rage. Ya kira autarsa, wadda tela ce kuma ba ta san komai a harkar ba, ya ce, “Auta, ba wani aiki ba ne. Ki bar shi a kunne har waɗannan su zo su karɓi saƙonsu. In kin ga allon ya zama wayam, ki kashe, ki ba uwarki ɗakinta.”

Ta ce, “Baba, in ba su zo ba fa?”

Ya ce, “Za su zo. Ba su san hanyar ko'ina ba sai nan.”

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa da hantsin wata Talata a watan Maris na 2024, a gidansa, yana da shekara sittin da biyu. An yi jana'izarsa bayan azahar a ranar, aka binne shi a maƙabartar unguwa, inda tsofaffin abokan aikinsa da masu rijiyoyin da ya yi wa gyara suka cika wuri. 'Yan ƙungiyar nan da suka ji labari ba su daina aiko da kuɗin wuta ba, suka ce sai aikinsa ya ƙare.

Ya rasu ya bar matarsa Sista, da jikoki bakwai, da 'ya'ya biyar: Babban Yaya, direban motar asibiti, Malama, mai koyar da lissafi, Gajere, wanda ya gaji akwatin sifana, Likitan Dabbobi, sai Auta, wadda ta riƙa leƙa ɗakin baƙi kowace safiya kafin ta tafi shago, har ranar da ɗigo na ƙarshe ya zo ya karɓi saƙonsa cikin damina. Ta kira mahaifiyarta suka tsaya tare, sannan ta kashe injin, kuma babu inji ko ɗaya a duniya da ya tsaya. Allah ya jiƙansa da rahama.